Hira Bisa Tabarma: Bulo ɗaya ƙarƙashin tsani

Ƴan uwana mata, na cikin garin Tawa da na ƙauyuka, Kalfu, Barmu, Affala, Takanamat, har duk inda takardar ga ke kaiwa. Wadda ta iya karatu ta karanta ma sauran da ƙarfi ranar zubi, kamar yadda munka saba.

Watan jiya na yi muku alkawarin zancen rabon riba. Ku yi mini haƙuri, na ɗage shi, don wani abu ya faru cikin ƙungiyarmu wanda ya hana ni barci, kuma ga damina bakin ƙofa.

Ɗaya daga cikinmu ta faɗo daga tsani. Ba zan faɗi sunanta ba, ita da kanta ta ce in ba da labarin amma in sakaya ta. Mai gidanta shina Abijan shekara ta biyu ke nan. Tana da ɗiya huɗu, tana tuyar ƙosai da safe, kuma ta ɗauki rance cikin akwati ta sayi tumatir lokacin da ya yi arha, ta yanka ta shanya bisa soro don ta yi kauɗa. Ranar da abin ya faru, bayan la'asar, sai ga hadari ya taso daga gabas da iska da ƙura, irin na farkon nan da ba ya jiran kowa. Ta jawo tsani da gudu ta jingina. Tsakar gidanta gangare ce, ƙafar tsani ɗaya ta sami ƙasa, ɗayar tana reto. Sai ta ga rabin bulo kusa da murhu, ta tura shi ƙarƙashi da ƙafa, ta hau. Hawa ya yi lafiya. Wajen saukowa ne, da babbar roba cike da kauɗa bisa kai, hannu ɗaya riƙe da robar, bulon ya kife.

Da na je duba ta, ta ce mini: "Wallahi Yaya, ko rabi ban kai ba na ji abin ya tahi da ni. Kuma tsanin nan lahiyarshi lau, ko tsagewa bai yi ba."

Maganar nan tata ita ta tsaya mini a rai. Na je na dubi tsanin, gaskiyarta, lafiyarsa lau. Ita ce ta karye a wuyan hannun dama, kuma ƙafa ta gurɗe. An ce sai ta yi watanni kafin hannun ya iya ɗaukar kaskon tuya. Ƙosai ya tsaya, rancen bai tsaya ba. Munka buɗe asusun taimako, wanda kowace ke zuba ma dala goma kowane mako, munka kwashe shi kaf rana ɗaya, kuma bai isa ba. Yanzu in wata ta haihu ko anka yi rasuwa watan nan, hannu biyu za mu je. Kauɗar kuma, awaki sunka ci rabonsu, ruwa ya ci sauran.

Na san abin da za a ce, an ma riga an ce: tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, ba ni musu da ƙaddara. Amma fa bulon nan hannun mutum ya sa shi. Kuma kada ku ɗauka ina ganin laifinta, ni da ke rubutun nan sau nawa na kife turmi, na ɗora bidon bisa, na hau don in ɗauko abu saman bango? Allah dai ya rufa mini asiri.

Mu mata Adar muna hawa fiye da yadda iyayenmu sunka hau. A da, yaɓen soro da gyaran indararo da ɗibar hatsi cikin rumbu aikin maza ne, wasu gidajen ma mace ko leƙa rumbun mai gida ba ta yi. Yau da an gama girbi maza sun kama hanyar biɗa, wasu Abijan, wasu Libiya ko Aljeriya, wasu Nijeriya, su bar mu da gida da duk abin da ke bisansa. Mu ke shanya gabu da kauɗa da barkono bisa soro don gudun awaki. Mu ke hawa mu goge ƙura bisa gilashin sola in hunturu ya rufe shi. In iska ta juya farantin talabijin, mu ne. An bar muna aikin, amma ba wanda ya zauna ya koya muna yadda ake kafa tsani. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce kowace shekara faɗuwa na kashe mutum wajen 684,000 a duniya, kuma sama da 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ne. In an cire haɗarin hanya, cikin haɗurra babu abin da ke kisa kamarta. Waɗanda sunka karye sunka zauna gida kuwa sun fi haka nesa ba kusa ba.

Bayan abin nan na je na zauna da wani tsohon magini na unguwarmu, wanda ya yi shekaru yana hawan gine-gine nan da ƙasashen waje. Na ce Baba, ka koya mini in koya ma mata. Abin da ya fara faɗi shi ne, in tsani zai kada mutum, mafi yawa daga ƙasa yake farawa.

Ƙasarmu ta Adar kun san ta. Wani gidan fako ne da tsakuwa, wani rairayi, wani kuma ruwan bara ya zaizaye gindin bango ya bar kwari. Da wuya ki sami wurin da ƙafafun tsani biyu za su zauna daidai. Abin da hankali ke fara ba mu shi ne a ƙara ma gajeriyar ƙafa wani abu, dutse, bulo, guntun itace, tsohon takalmi. Nan ne kuskuren yake. Duk abin da kinka tura ƙarƙashi, bai san da tsanin ba, nauyinki na motsawa zai gusa. Dubarar ita ce a rage ƙasa a gefen da ya fi tudu. Ki ɗauko kalme ko haƙa, ki tona ɗan rami inda ƙasa ta yi bisa, ki sa ƙafar tsanin ciki har ta yi daidai da ƴar uwarta. Wadda ta taɓa tonon tassa a gona ba za a koya mata wannan ba. Kuma iyayenmu mata da sunka ɗauki duwatsu bisa kai a aikin Keita tun daga 1984 sun san dutsen da anka ajiye bisa gangare ba a yi masa mazauni ba, ruwan farko ke tafiya da shi. Ƙafar tsani ma mazauni take so.

Yadda za ki gane ya daidaita, ki sa ruwa rabin kwalba, ki rufe, ki kwantar da ita bisa matakin ƙasa. In ruwan ya taru gefe ɗaya, da sauran tono. Bayan haka ki hau matakin farko kaɗai, ki danna da nauyinki sau biyu ko uku, ki ji ko wata ƙafa na nutsewa. Gara ya nuna halinsa kina kamu ɗaya daga ƙasa.

In gangaren daga bango yake gangarowa zuwa tsakar gida, to tsanin zai so ya zame baya. Nan ƙafafun biyu duka za ki tona ma rami, ki kafa turke tsakanin tsanin da bango, ki ɗaure matakin ƙasa da shi da igiya, kamar yadda kike ɗaure tunkiya. Bisa rairayi mai laushi, ki kwashe na bisa har ki iske ƙasa mai tauri, ko ki shimfiɗa katako mai kauri da faɗi wanda zai ɗauki ƙafafun biyu gaba ɗaya, ya kwanta sosai ba ya rawa. In kuwa fako ne ko dutse da ba ya tonuwa kuma bai daidaita ba, ki sake wuri. Soro gefe huɗu gare shi.

Masu daɓen siminti da karo, kada ku ce kun tsira. Ƴar ƙurar rairayin da iska ke zubawa bisa siminti ta fi santsin kuɓewa. A share wurin tas kafin a kafa, kuma kada a kafa bisa tabarma ko leda.

Sai zancen jingina. In tsani ya miƙe tsaye ƙwarai, da kin kai bisa zai iya kifewa baya da ke. In ya kwanta da yawa, ƙafafun su zame. Ma'aunin da maginan duniya ke bi ɗaya ne: kowane kamu 4 na tsawo, a ja ƙafar tsani kamu 1 daga gindin bango. Soron da ya kai kamu 8, ƙafar tsani ta yi nisan kamu 2. In ba ki son lissafi, ki tsaya ki sa ƴan yatsun ƙafarki gindin tsanin, ki miƙa hannuwa gaba sosai. In tafin hannunki ya sauka bisa matakin da ke daidai kafaɗarki, ya yi.

Kuma kan tsanin ya ɗara bakin soro da kamar mita 1, wajen kamu 2 ke nan. Wannan ɗarin shi za ki riƙe lokacin da za ki taka soron da lokacin da za ki juyo. Mu duka mun san wannan ɗan lokacin, kina durƙushe bakin soro kina laluben mataki da ƙafa ta baya, zuciya na dukan uku-uku. Tsanin da ya tsaya daidai bakin soro ko ƙasa da shi gajere ne ga wannan aiki, a aro wani. Kada a jingina da indararo ko bakin kwano, kuma bayan ruwan sama a bar bangon ƙasa ya sha iska, don jiƙaƙƙen baki na iya ɓarewa.

Yanzu matakala. Nan cikin gari, wajen Wadata da Kowet da sabbin unguwanni, kuɗɗin biɗa sun gina benaye, kuma kusan kullum mai sa wuta can ƙololuwa bisa matakala yake maƙala ƙwan lantarki. Ran da ya mutu, ko yana ta yi yawa ana shirin suna, sai ki ga an kawo tsani an jingina da bangon gefe, ƙafa ɗaya bisa wannan mataki, ɗayar bisa na ƙasa da shi, an cike da bulo. Wannan ya fi na tsakar gida muni, don wadda ta faɗo nan ba ƙasa za ta iske ba, bakunan siminti za ta bi ɗaya bayan ɗaya har ƙasa. Ƙasashen Turai suna da tsanin da ake ƙara ma ƙafa ɗaya tsawo a kulle ta, wanda anka ƙera don matakala. Namu na katako da na walda ba su san wannan ba.

Tsohon maginin ya ce hanya ɗaya ya yarda da ita. Ƙafafun tsanin biyu su zauna bisa mataki guda, kansa ya jingina da bangon da kike fuskanta in kina saukowa, yadda in ya so zamewa goshin matakin da ke bayansa ya tokare shi. Kuma dole wani babba ya riƙe. In gidanku ba ya da bango a wannan wuri, to babu inda za a kafa tsani ke nan. Ni nawa ra'ayin, mace ta bar wannan hawan gaba ɗaya. Yana, a ɗaura tsintsiya bakin doguwar gora. Ƙwai kuwa, a kira mai gyaran wuta sau ɗaya, a biya shi ya sauko da mazauninsa bisa bangon da hannu ke kaiwa. Abin da zai amsa bai kai kuɗɗin hoton ƙashi ɗaya ba. Haka ƴan matakai biyu ko ukun nan na ƙofar ɗaki da anka ɗaga don ruwa, su ma matakala ce, kada ƙanƙantarsu ta ruɗe ku.

Ƴan uwana na ƙauye, taku matsalar ruhewa ce. Cikinta a zagaye yake, tsani mai ƙafa biyu in an jingina shi sau da yawa sanda ɗaya ke taɓa jikinta, ɗayar na iska, da kin hau sai ya mirgina. Shi ya sa kakanni sunka yi kwaranga mai baki biyu a kai, wadda ke rungumar wuri. In da kwaranga kike hawa, ƙafarta ɗaya ce, sai a tona mata rami sosai, a duba tsagogin da ake takawa ko sun suɗe. Kuma yanzu ne lokacin da ya fi haɗari, don hatsi ya yi ƙasa, ana zura rabin jiki ciki kafin a kamo dami. In an kai nan, gara mutum biyu, ɗaya ta shiga, ɗaya ta tsaya waje tana amsa. Kada a zura yaro ciki a tafi wani aiki.

Zancen riƙo kuma. Ƴar shekara shida da kinka ce ta riƙe miki, ba abin da za ta iya in tsani ya tashi tafiya, sai dai ki faɗo bisanta ku zama biyu. Mai riƙo babba ce, ta fuskanci tsanin, hannu biyu bisa sandunan, ƙafarta ta danne matakin ƙasa, kuma ba ta amsa waya ba ta bin akuya har kin sauko. In tsanin dogo ne, riƙo kaɗai bai isa ba, a ɗaure kansa da azara ko wani abu mai ƙarfi.

Kaya bisa kai shi ya ƙarasa ƴar uwarmu. Mun gwane da ɗaukar kaya, muna tahowa daga rijiya da tulu ko dafawa ba mu yi, sai muna ganin tsani ma haka ne. A bisa tsani, cikin hannu biyu da ƙafa biyu, uku su kasance manne da shi kowane lokaci, ɗaya kaɗai ke motsi. Wadda ta dafe roba ta riga ta ba da hannu ɗaya. Mu da ke jan guga a rijiyoyin Adar masu zurfi, mi zai hana mu zura kaya da igiya? A zuba cikin buhu ko bokiti, a zuro ma ta ƙasa, a sauko hannu wofi, fuska na kallon tsani. In kina aiki daga bisa tsanin, kamar yaɓe ko shafen bango, cibiyarki kada ta wuce tsakanin sandunan biyu. Abin da hannu bai kai ba, a sauko a gusa.

Sutura ma a gyara. Dogon hijabi a tuɓe a ɗaura kallabi, zani a ɗage a tamke, ko a sa wando ciki. Silifa a bar ta ƙasa, gara ƙafa tsirara in matakan ba su yi zafi ba. Hannun da ya taɓa man tuya a wanke. Da goyo ba a hawa, ko kuka yake a sauke shi. Mai ciki ba ta hawa, ko wata nawa ne. Mai azumi da rana tsaka, da wadda ke jin jiri ko hawan jini ya taso mata, su ma su haƙura. Aikin bisa a yi shi da sassafe, kafin zafin Mayu ya sa tsanin ƙarfe ya zama kasko. Tun da na ambaci ƙarfe, a ɗaga kai a dubi wayoyin wuta kafin a tada shi tsaye. A ɗauke shi a kwance, mutum biyu. Jiƙaƙƙen katako ma wuta na bin sa.

Tsanin kansa ba na ce kada a duba shi ba. Gara na cin itace daga ciki ta bar fatar waje kamar lafiya. A ƙwanƙwasa, in ya yi ƙarar ganga an cinye shi. Matakin da ƙusa ɗaya ke riƙe da shi, ko wanda anka ɗaure da tsumma, a kai ma kafinta. In an gama aiki a kwantar da shi cikin inuwa, a ɗaga shi daga ƙasa, kada a bar shi jingine don ɗiya su sami abin wasa.

In Allah ya kawo tsautsayin, kada a yi abin da munka saba, a taru a cicciɓi mutum ana jijjiga shi ana "tashi, tashi". Wadda ke kukan wuya ko baya, ko ta ce ba ta jin ƙafafunta, a bar ta yadda take, a riƙe kanta kada ya motsa. Cikin gari a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. In dole sai an ɗauke ta, a nemo ƙyaure ko faffaɗan katako, a mirgina ta bisa gaba ɗaya, kai da jiki tare. Wadda ta bugu a kai, ko ta tashi tana dariya, a sa mata ido kwana ɗaya zuwa biyu. Amai, barcin da ba a iya tada ta, ruɗewar magana, ciwon kai mai ƙaruwa, jini ko ruwa daga kunne ko hanci, duk ɗaya cikinsu asibiti ne nan take. Mai ciki kuwa ko ba ta jin komi a kai ta. Na san darajar maɗoranmu, amma ƙashin da ya huda fata, da karayar ƙugu ko baya, da hannun da ya yi sanyi ko yatsu sunka canza launi bayan ɗauri, ba na gida ba ne.

A zamanmu na makon jiya na kawo shawara mu sayi tsani na ƙungiya. An yi gardama ƙwarai. Ma'ajiyarmu ta ce kuɗɗin akwati na juyawa ne, tsani ba ya haihuwa. Wata ta ce gobe za a are shi ba a maido ba, kamar yadda anka yi da babbar tukunyarmu. Duk suna da gaskiya. Na ce musu tun da tsarin Mata Masu Dubara ya fara a Maraɗi a 1991, abin da ya riƙe shi shi ne kowace ta zo ranar zubi da ƙafafunta da ɗan abin da ta samu. Mace ɗaya ta kwanta wata uku, littafin kowa ke ji, ga shi mun gani.

Daga ƙarshe an yarda. Za a sa kafinta ya yi muna dogo wanda zai ɗara soro da kamu biyu, da matakai masu shiga cikin rami, a haɗa shi da igiya biyu, ta ɗauri da ta zura kaya. Zai zauna gidan ma'ajiya, tun da ita ta fi kowa tsoron ya ɓace. Ƴar ƙungiya kyauta, na waje dala ashirin a wuni, kuɗɗin su shiga asusun taimako. Ba a ba mace ɗaya, sai ta zo da mai riƙe mata. Wadda anka gani bisa ita kaɗai, tararta daidai da ta makara.

Ƴar uwarmu kuma an ɗage mata biyan rance har hannu ya warke, mata uku na karɓa-karɓar tuyar ƙosanta don kada masu saye su watse. Tana gaida ku. Zancen rabon riba sai watan gobe in Allah ya kai mu.